Mutumin Da Ya Sare Katangar Ubansa

An yi wani mutum a bakin kogin Komadugu, yamma da Diffa, mai lambun tattasai. Ubansa ya bar masa layin dogon yaro da bagaruwa a gabas da lambun. Su ke tare iska, su ke kare gidansa da rumbunsa.

Sai masu bindiga suka ƙone garuruwan tsallaken kogi. Mutane suka ƙetaro da 'ya'ya a goye. Ina za su raɓa? Suka kafa rumfunan tamfol a gindin itatuwan nan, inda iska ba ta yaga su.

Mutumin ya ce su tashi. Wata tsohuwa cikinsu, Meram, ta ce, "Alhaji, tattasanka ba mu taɓa ba. Inuwa ce kawai."

Ya ce, "Inuwar ma tawa ce, Iya. Gobe ki nemo ta ki gani."

Da safe ya kawo masu gatari. Liman ya yi magana, mutumin ya ce liman ya kwashe su ya kai gidansa. Ya sare layin kakaf, baƙin suka naɗe tamfol suka tafi. Itacen kuma ya tara a bayan rumbu, ya rufe da ƙasa, ya sa wuta, wai gawayi zai kai Diffa.

Ya 'yan uwa, hadarin farkon damina ya taso daga gabas. Me zai tare iskar? Ta yaye ƙasar ramin gawayi, ta kwashi garwashi ta zuba kan buhunan busasshen tattasai.

Kun san hayaƙin tattasai. Wa zai tunkare shi? Mutanen gari na nesa, ko da suka iso sai tari da hawaye, suka ja baya. Waɗanda da suna kusa da sun kashe wutar tun tana ƙarama, shi ya kore su. Rumbu ya tafi, gida ya bi. Ya tsaya da bokiti a hannu, shi kaɗai.

Jama'a, masu bindiga sun raba mutane da gidajensu. Mu ne za mu ƙarasa masu aikin da gatari? Wallahi a'a! Ba za su mayar da mu irinsu ba. Damina ta zo, kowa ya dasa, kuma wanda ya raɓu da itacenka ka bar shi ya zauna.

Allah ya kiyaye mu da ƙeƙasar zuciya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.