Kurege da Igiya Mai Taki Ashirin

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

An yi wani Kurege a wani daji na bakin kogi, wanda duk duniya ba abin da ya tsana kamar fartanya. Ba wai rago ne ba, haba, wa zai ce haka? Shi dai a faɗarsa aikinsa na kai ne, kuma aikin kai ya fi na hannu gajiyarwa. Shi ya sa kullum yana gindin tsamiya yana hutawa.

Sana'arsa wasa ƙwaƙwalwa. Sai ya share ƙasa, ya jera karan dawa goma sha biyu, ya fitar da ɗakuna huɗu manne da juna, biyu sama biyu ƙasa, ya ce, "To, masu basira, ku cire kara biyu a bar ɗaki biyu." Dabbobi su taru su yi ta zuru tun hantsi har azahar, shi kuwa yana ɓare gyaɗar da suka kawo masa ta gaisuwa. Sau ɗaya aka taɓa warware masa, shi ma Jaki ne ya ji yunwa ya cinye kara biyu na ciki, aka duba sai ga babban ɗaki da ƙarami a cikinsa. Kurege ya ce wannan ba ilimi ba ne, ci ne.

Ana nan, ana nan, sai kogi ya janye ya bar fadama baƙa wuluk, irin wadda ko tsakuwa ka jefa sai ta yi tsiro. Kowa ya ce tasa ce. Giwa, wadda ita ce mai garin, ba ta son hayaniya. Ta sa aka tufka igiyar rama mai taki ashirin, ta ce, "Kowa a zagaye masa gona da wannan igiya. Abin da ta kewaye nasa ne. Wa zai yi awo?"

Duk aka ce, "Malam Kurege mana! Wa ya kai shi lissafi?"

Kurege ya sunkuyar da kai kamar mai kunya, ya ce, "Ranki ya daɗe, nauyi ne, amma saboda jama'a zan ɗauka."

Raƙumi ne ya fara zuwa. Kurege ya ɗaga kai ya dube shi tun daga ƙafa har wuya, ya ce, "Yallaɓai, dogo irinka ai sai doguwar gona." Ya kafa turaku huɗu, ya ja igiya taki tara tsawo, taki ɗaya faɗi. Ya ce, "Tara da ɗaya, tara da ɗaya, ashirin ke nan. Igiya ɗaya, gona ɗaya. Ko za ka ƙirga?"

Raƙumi ya ce, "Wane ni in ƙirga bayan Malam ya ƙirga!" Ya shiga gonarsa yana taƙama. Da ya kai ƙarshe ya rasa wurin juyawa, sai da baya ya fito. Ya ce haka gonar manya take.

Jaki ya zo. Kurege bai manta da karan da aka cinye masa ba. Ya ja masa takwas tsawo, biyu faɗi, ya ce, "Takwas da biyu, takwas da biyu, ashirin. Igiya ɗaya, gona ɗaya. Ko za ka ƙirga?"

Jaki ya ce, "Wane ni in ƙirga bayan Malam ya ƙirga!"

Biri ya zo, shi da yake ganin ya fi kowa wayo. Ya ce, "Malam, ni fa ba a yi mini rufa-ido. Sai na riƙe bakin igiya da hannuna." Kurege ya ce, "Madalla da mai lura." Ya ja masa bakwai da uku. Biri ya bi igiya yana ƙirgawa da ƙarfi, ya sami ashirin cif, ya tafi yana gaya wa kowa yadda ya tsare haƙƙinsa.

Sannan Kurege ya auna tasa, biyar tsawo, biyar faɗi. Ya yi ajiyar zuciya yadda kowa zai ji, ya ce, "Ni ƙaramar halitta, 'yar gajeriyar nan ta ishe ni." Har Raƙumi ya ji tausayinsa.

Yana naɗe igiya sai ga Gwaggo Bushiya, wata tsohuwa mai 'ya'ya biyar da ba mai taya ta ciyarwa, tana tafe a hankali. Kurege ya ce, "Gwaggo, ke ma noman za ki yi? To, turaku sun ƙare, saura ɗaya."

Ta ce, "Ɗayan ya isa, ɗan nan. Ni ban yi karatu ba, ban san lungu da kusurwa ba. Abin da na iya a duniya shi ne dunƙulewa."

Ta kafa turken a tsakiya, ta ƙulla bakin igiya biyu, ta shimfiɗa ta kewaye da shi kamar bakin faifai. Kurege ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Gona ko masaki? Allah ya ba da amfani, Gwaggo."

Aka shuka kabewa, kowane taki rami ɗaya. Kurege ma ya yi noma, wato ya zauna a inuwa yana ba Jaki wasa ƙwaƙwalwa, ladan kowane wasa Jaki ya nome masa kunya ɗaya.

Ranar girbi kowa ya tara nasa a gaban Giwa. Raƙumi kabewa tara. Jaki goma sha shida. Biri ashirin da ɗaya. Kurege ashirin da biyar. Raƙumi ya dubi tarinsa, ya dubi cikinsa, ya ga ko kwana uku ba za su kai shi ba, ga rani a gaba. Ya ce, "Malam, yaya haka? Gonata ta fi ta kowa tsawo!"

Kurege ya gyara zama, ya ce, "Yallaɓai, igiya ba ta ƙarya. Gonaki duk ɗaya suke. Bambancin a nan yake," ya ƙwanƙwasa kansa. "Kabewa tana jin ƙanshin basira. Da kuna zuwa gindin tsamiya kuna motsa ƙwaƙwalwa, da ba haka ba. Amma ƙofa a buɗe take, gyaɗa mudu ɗaya ce kawai."

Yana cikin wannan wa'azi sai ga 'ya'yan Bushiya suna mirgino kabewa. Goma. Ashirin. Ashirin da biyar. Kurege ya miƙe tsaye. Ashirin da shida. Sai da aka ƙirga talatin da ɗaya.

Bushiya ta durƙusa ta gai da Giwa, ta ce, "Ranki ya daɗe, ashe ni ce mai basirar garin nan ban sani ba. Amma ina da 'yar tambaya irin ta jahilai. Malam, ka ce gonaki duk ɗaya suke?"

Kurege ya ce, "Ɗaya suke."

"Ba ƙari, ba ragi?"

Ya dubi ƙafar Giwa, ya ga faɗinta ya fi shi duka. In ya ce da ƙari, ya amsa cuta da bakinsa. Sai ya ce, "Ba ƙari, ba ragi."

"To, ai sai ka ba Raƙumi taka, tun da ba asara. Kai kuma da kake son a motsa ƙwaƙwalwa, ni zan auna maka sabuwa, a ga ko na koya."

Giwa ta ce, "Wannan magana ta yi."

Aka ɗunguma fadama. Bushiya ta kafa turke ɗaya nan, ta kafa ɗaya can. Ta ja igiya taki goma ta zagaya turken, ta dawo da ita taki goma, igiya kwance jikin 'yar'uwarta, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba. Ta ce, "Goma zuwa, goma dawowa. Nawa ke nan, Malam?"

Kurege ya ce a ciki-ciki, "Ashirin."

"Ba mu ji ba, kunnen tsufa."

"Ashirin!"

Raƙumi ya sauko da dogon wuyansa ya leƙa, ya ce, "Kai, Malam, barka! Ta ma fi tawa tsawo."

Jaki ya ce, "Ko za ka ƙirga?"

Biri ya faɗi ƙasa yana birgima don dariya, sai ka ce ba shi aka yi wa bakwai da uku yana riƙe da igiya ba.

Kurege ya roƙi a ƙara masa faɗi ko da tafin hannu ne. Giwa ta ce ita ba ta san lissafi ba, abin da masana suka tabbatar shi take bi. Ta sa aka raba kabewarsa tsakanin Raƙumi da Jaki da Biri, aka sake yi wa Jaki da Biri awo irin na Bushiya. Kurege kuwa ya tsaya a bakin gonarsa da irin kabewa a hannu, ya duba dama gonar wani, ya duba hagu gonar wani. Yunwa ta ci shi har ya fara tonon gyaɗar mutane a ɓoye, kuma har yau bai daina ba. In kun gan shi a gona ya miƙe tsaye kan ƙafa biyu yana waige-waige, faɗin gonarsa yake nema.

Ku yara, in Allah ya ba ku kai mai ja, kada ku mai da shi abin cutar waɗanda suka yarda da ku. In kuma aka auna muku abu, ku ƙirga abin da ke ciki da kanku, ko da malamin ya ɓata rai.

Ƙurunƙus, kan ɗan kurege! Ta ƙare, kowa ya kakkaɓe zaninsa.