Littafin da Aka Raba Kamar Waina

Akwai wani tsoho a Zuru, Malam Lukuman, wanda ko ƙuda ya sauka a kan kayansa sai ya ji ba'asi. Shi kaɗai ya rage a gidan mahaifinsu, daga shi sai gafakar littafi.

Mahaifin nasu malami ne. Da ya rasu, littattafansa suka watse a hannun magada. Lukuman da ƙanensa Nasiruddeen kuwa suka kafe a kan guda ɗaya, wanda mahaifin ya rubuta da hannunsa. Kun san irin waɗannan ba a ɗinke su, falle-falle ne. Sai gwanayen naku suka raba shi biyu kamar waina!

Ƙanen ya kwashi rabin ƙarshe ya koma Ribah. Ko gaisuwar Sallah ta yanke. Shekara da shekaru Lukuman na karanta nasa, kullum zance ya katse masa a tsakiya.

Ran nan sai ga Amatullah, ɗiyar Nasiruddeen, a bayan babur. Tana bin dangi gida-gida tana ɗaukar hoton littattafan kakanta, don a haɗa su wuri guda a kwamfuta.

"Baffa, hoto kawai. Ko falle ɗaya ba zai bar ɗakin nan ba."

"Ubanki ya aiko ki?"

"Yana kwance, Baffa. So yake ya ga farkon littafin."

"Mai son farko ya tako da ƙafarsa. Ni ne babba."

Nasiruddeen bai tako ba. Kafin a yanke dawa aka kai shi makwancinsa.

Bayan an share makoki, Amatullah ta dawo. Lukuman da kansa ya kwance gafaka ya tura gaban yarinyar. Ta ɗauki hoto, ta haɗa da na mahaifinta, ta miƙa masa waya. Ya karanta har inda ya saba tsayawa.

"Ja da yatsa, Baffa."

Ya ja. Zance ya zarce sumul. Amma gefen wannan fallen, na farko a rabin ƙanensa, ya yi baƙi da shafar yatsu.

"Nan Baba yake daɗewa kullum," in ji ta. "Yana ƙoƙarin tuno abin da ya gabata."

Tsoho ya waiga kamar zai kira wani. Ba kowa sai tabarma.

Darasi: Waya ta haɗa littafi, amma ba ta haɗa masu shi ba. In kana riƙe da rabin wani abu, nemi mai ɗaya rabin tun yana numfashi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba.