Rawanin Ciroma Isyaku

Ku matso kusa, wannan labari ba na dariya ba ne. A Birnin Gwanki an yi wani ƙanin sarki, Isyaku, mai sarauta uku shi kaɗai: shi ne Ciroma, shi ne hakimin gabas, kuma a hannunsa makullin rumbunan tsimi yake, inda gari ke tara hatsi saboda baƙar shekara.

Baƙar shekarar ta zo. Damina biyu ba a girbe ko dami ba, yara suka soma mutuwa. Sarki ya ce a buɗe rumbuna. Aka ɗebe gero kamu ɗaya daga sama, sai yashi. Rumbu tara, duk yashi! Ashe Ciroma ya daɗe da sayar da hatsin a ƙetaren kogi. Ni da na fara jin wannan, sai da na riƙe baki.

To, al'adar garin, ba a ɗaga wa mai rawanin sarauta hannu. Sai jama'a suka cika ƙofar fada da sanduna, suna jiran a tuɓe shi ya fito kai ba rawani. A cikin fada Sarki ya ce, ko kallon Ciroma bai yi ba, "Shamaki, warware masa rawani. Daga yau ba ni da ƙane." Ya shige gida.

Shamaki Tanko, tsohon bafade, shi ne wanda Ciroma ya taɓa mari gaban 'ya'yansa. Warware rawani aikin ƙiftawar ido ne, amma ya kama shi ninki-ninki, kowane ninki sai ya tsaya ya lissafo kakannin da suka riƙe sarautar. Tun hantsi har azahar yana abu ɗaya, na waje suna ta ihu. Da ya gaggauta, da Ciroma ya halaka.

Iya Tabawa, mai sharar fada, jikokinta biyu ta rasa a watan. Tana da likkafanin da ta tanada wa kanta shekara goma a ƙasan akwati. Ta ɗauko ta shigo ta ƙofar baya, ta jefa wa Ciroma. "Kwanta, azzalumi," in ji ta, tana kuka. "Na gaji da ganin gawa, ko taka ce."

Jatau mai haƙa kabari kuwa, tafin hannunsa duk ya fashe saboda aikin da Ciroma ya jawo masa. Shi da 'yan'uwansa suka ɗora Ciroma a makara kamar gawa, suka ratsa tsakiyar taron. Kun san ba mai tare makara. Wani ya ce, "Jatau, wa kuma?" Ya ce, "Ku ba mu hanya, rana na yi." Da an ɗaga mayafin, da har Jatau za a haɗa.

A maƙabarta suka sauke shi. Ya miƙe cikin likkafani, ya ga sababbin kaburbura jere, yawancinsu na yara, tsawonsu bai kai kamu biyu ba. Da ƙyar ya ja jiki ya ƙetare kogi, ba a sake ganinsa ba.

Bayan shekara ya aiko da saƙo. An ƙwace masa komai, saura gona ɗaya ta gadon mahaifiyarsa, ba kuma ta rabuwa don rijiya guda ce a cikinta. Ya ce a ba wanda ya cece shi.

To, jama'a, ga wanda ya mara, ga wadda ya kashe wa jikoki, ga wanda ya sayar da ransa ya ɗauke shi a makara. Wa za a ba gonar nan?