Dokar Awakin Ciyaman

An yi wani ciyaman, Alhaji Maikano, da ya kafa dokar ɗaure awaki. Da shekara ta zagayo za a sabunta ta da ƙuri'a, sai ya kira Tunau wanzami, wanda duk gulmar gari a rumfarsa take sauka.

"Faɗa min ko jama'a za su sake goyon bayan dokata. Ka ce a'a, in rushe rumfarka. Ka ce e ya zama ƙarya, in rushe ta."

Tunau ya dake, ya ce: "Ranka ya daɗe, cikin kowane goma da suka so ta bara, tara za su sake."

Ciyaman ya yi murna har da yanka bijimi. Ranar ƙuri'a dokar ta faɗi warwas.

"Maƙaryaci!" in ji ciyaman. "Ina tara cikin goman?"

"Ga su can, ranka ya daɗe, su tara cif suka ɗaga hannu. Ai bara ma mutum goma kacal suka so ta duk garin nan. Ba ka dai tambaye ni ba."

Ciyaman ya ƙirga, ya ga rumfa ta fi ƙarfinsa. "To wane munafuki ne na goman?"

"Hajiyarka ce. Ranar Laraba aka kama akuyarta."