Wayar Da Ya Datse

An yi wani mutum mai gyaran keken lantarki, gwani ne a aikinsa. Shagonsa na bakin titi, gidansu na bayan shagon, masallaci kuma sai an tsallaka.

Ya 'yan uwa, kekunan nan da iyakar gudu ake ƙera su. Akwai wata 'yar siririyar waya da ke hana su wuce ƙa'ida. Masu kai saƙo suka riƙa zuwa suna cewa, "Maigida, a sakar mana shi." Sai ya sa filaya ya datse wayar, ya naɗe bakinta da jan tef don kowa ya san aikinsa ne. Birki kuwa yana nan yadda yake, na tafiyar hankali.

Mahaifinsa tsoho ne, idonsa ya tafi. Da kunne yake tsallaka titi: ya tsaya, ya karkata kai, in bai ji ƙarar inji ba sai ya miƙa sanda ya taka. Wata rana ya ce, "Ɗana, kekunan nan naka ba sa sallama. Jiya sai iskar wani na ji a jikin rigata."

Ɗan ya yi dariya ya ce, "Baba, ai zamani ne."

Matar mai gyaran kuwa da an kira salla sai ta yi ta leƙe har tsohon ya kai masallaci. Ta yi wa mijin magana, ya ce ina ruwanta da aikin maza.

Shin wanda ya cire wa doki linzami zai ce ba ruwansa da wanda aka take?

Ran nan da azahar, mai gyaran yana tsugune zai datse wata wayar, sai ya ji salati ya kaure. Ya fita da gudu. Ga tsohon kwance, keke ya banke shi, sanda can, takalmi can. Mai keken na kuka yana rantsuwa tun daga nesa ya matse birki. Murfin keken ya fashe, ga jan tef nan a fili.

Tsohon bai kai asibiti ba. Shago ya rufe. Yanzu mutumin wuni yake a bakin titin yana ɗaga wa kekuna hannu su sassauta, suna wuce shi fuu. Wa zai tsaya? Shi ya sake su.

Ya 'yan uwa, iyakar gudu amana ce ta ran mai tafiya a ƙasa. Wanda ya cire ta bai san wa zai tsallaka ba.

Allah ya jiƙan tsohon nan. Allah ya kiyaye mu, kada hannunmu ya zama ajalin wani namu.