Yaron da Ya Ɗaure Ƙafarsa a Benci

Ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa, yau na zo muku da labarin da zai hana ku tashi da wuri. Ba na gizo ba ne, na mutane ne irinku, kuma in na kai ƙarshe ba ni zan raba muku gardama ba. Kai mai kaɗa ƙafa a can baya, ka saurara da kyau, wataƙila da kai ake.

A Funtuwa an yi wani direban babbar mota, Malam Ɗayyabu, yana da 'ya'ya maza biyu, Nafi'u da ƙanensa Shamwilu. Tsiransu shekara ɗaya ne, ajinsu ɗaya a firamare, kuma unguwar kaf ta haɗa su a suna ɗaya, wai 'yan ƙiriniya. In katanga ce sun hau, in tulu ne sun fasa, in akuyar maƙwabta ce sun kwance ta. Uban ba ya gida sai jefi-jefi, don haka bai taɓa ganin yadda abin yake farawa ba, ɓarnar kawai yake tararwa. Ya yi duka har hannunsa ya gaji. An yi rubutu an sha, an yi hayaƙi ko iska ce, ba abin da ya sauya.

Ranar da abin ya kai maƙura, yaran sun haura katangar makaranta da aka fita tara. Da aka kaɗa ƙararrawa Nafi'u ya dawo aji. Shamwilu kuwa ya hango tantabara, ya bi ta da gudu har tsakiyar titi bai duba dama ko hagu ba. Wani mai babur ya kauce masa, ya faɗa kwalbati, ya karye a cinya. Hedimasta ya ce a kwashe su duka biyun, ya gaji. Malam Ɗayyabu ya dawo daga tafiya ya tarar da dangin mai babur a ƙofar gidansa. Ran nan bai daki kowa ba, kuma hakan ya fi dukan tsorata mutanen gidan. Ya ce ya riga ya yi magana da wani gidan mari a wani ƙauye, inda ake kai kangararrun yara a sa musu ƙarfe a ƙafa har su yi laushi. Da safe za a kai su, su biyun. Uwarsu ta yi kuka ta yi magiya, ko kallonta bai yi ba.

Mata uku ne suka shiga maganar nan. Ta farko ita ce Gwaggo Tabawa, yayar Malam Ɗayyabu, mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Labari ya same ta kasko yana kan wuta. Ta bar wa maƙwabciyarta, ta taho ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta iske an sa yaran a bayan motar haya, kowa da ƙullin kayansa a cinya, direba ya tayar da inji. Ba ta yi wa kowa sallama ba. Ta je gaban tayar mota ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu.

Malam Ɗayyabu ya ce, "Yaya, ki tashi, mutane na kallonmu."

Ta ce, "Su kalla. Ni na goye ka, Ɗayyabu, na san irin ƙiriniyar da ka yi, ba wanda ya sa maka ƙarfe. In za ka kai su, ka fara bi ta kaina."

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ta kafe. Rana ta ɗaga, jama'a suka cika layin. Daga ƙarshe aka yi sharaɗi a gaban dattawa. A lokacin ana cikin watan azumin tsofaffi. Za ta tafi da yaran gidanta har a ga watan azumi. In an ga wata ba su shiryu ba, zai zo ya ɗauke su, ita kuma ba za ta ƙara cewa uffan ba. Ta yarda, har da rantsuwa.

To, amma Gwaggo ba ta san abin da ta ɗauko ba. A wurinta duk ƙiriniya ce, kuma maganin ƙiriniya aiki. Ta haɗa su da jan ruwa a rijiya da surfen wake. Nafi'u in ya ja ruwa ya gaji sai ya zauna ya ci abinci ya cinye, ya yi barci. Shamwilu in ta aike shi sayen gishiri sai ya dawo babu gishiri, babu takalmi ɗaya, kuma bai san inda ya bar shi ba. Ya fara cin tuwo ya tashi, ya fara wanka ya fito da kumfa a kunne. Tana gani da idonta, amma ta ƙi yarda da abin da take gani. Tsoro take ji, don a ganinta ranar da ta ce Shamwilu daban yake, ranar ta miƙa shi ga masu mari. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce ai suna ta natsuwa.

Ta biyu ita ce Malama Sa'adatu, malamar ajinsu. Kada ku ɗauka waliyyiya ce, ita ma ta sha zane su. Amma da ta ji inda aka so a kai su sai abin ya tsaya mata a rai. Ta roƙi hedimasta ya bar su su ƙarasa zangon, ta ce in sun sake yin ɓarna a kama ta. Daga nan ta ajiye bulala ta koma kallo. Kullum da safe sai ta sa su zagaya filin ƙwallo da gudu kafin a shiga aji. Nafi'u ya shigo yana haki, ya zauna, ya yi lissafinsa har ƙarshe. Shamwilu ya yi gudu iri ɗaya, ya shigo da haki iri ɗaya, amma kafin ta gama rubuta tambaya a allo ya miƙe. In tana ba da labari mai daɗi Nafi'u ya saki baki yana ji. Shamwilu ya katse ta da amsar abin da ba ta tambaya ba. Ko a ƙwallon da yake mutuwar so, in an sa shi tsaron gida sai ya bar ragar ya bi ƙadangare, a zura musu, ya dawo yana kuka.

Wata rana, watan Sha'aban ya yi nisa, ta lura Shamwilu bai tashi ba tun safe. Jikinsa yana ta rawa, gumi ya jiƙa masa riga, amma yana nan inda yake. Da aka fita tara kowa ya watse, shi bai motsa ba. Ta zo ta leƙa ƙarƙashin benci. Yaron ya ɗaure idon sawunsa a ƙafar benci da igiya, ya ƙulle tam, har wurin ya kumbura.

Ta tambaye shi wa ya yi masa haka. Ya ce, "Ni ne, Malama. Ina so in zauna, jikina ne yake ƙi. In na ɗaure da kaina, Baba ba zai kai ni a ɗaure ni ba."

Ta kwance shi. A nan ta gane cewa yaran nan biyu ba abu ɗaya ke damunsu ba. Ɗaya ƙarfi ne ya yi masa yawa, yana tsayawa in ya ga dama. Ɗayan yana so ya tsaya, ya kasa. Ta je wurin Gwaggo, Gwaggo ta kore ta, ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne. Malama ta ciro igiyar daga jaka ta ajiye mata. Gwaggo ta gane ta, guntun igiyar gugarta ce. Ta zauna ta yi kuka, sannan ta faɗi duk abin da take ɓoyewa, har da cewa tun yana tatata haka yake, a gida da gidan biki da masallaci.

Sai dai ku ji inda gaskiyar Malama ta kai su. Ta sami Malam Ɗayyabu ta yi masa bayani dalla-dalla, tana zaton ta kawo ceto. Ya saurara har ta gama, ya ce madalla, ta rage masa aiki. Tunda Nafi'u lafiyarsa ƙalau, a bar shi. Shamwilu kuwa, tunda har shi da kansa ya san ɗauri ne maganinsa, shi kaɗai za a kai. Malama ta fito tana da-na-sani. Ta fid da ɗaya, ta ƙara tura ɗayan, ga wata ya kusa, ga Gwaggo ta rantse ba za ta sake magana ba.

Ta uku ita ce Likita Ramlatu, mai duba yara a babban asibiti. Da ƙyar matan biyu suka shawo kan uban ya yarda a je, shi ma don ya sa rai za a ba shi maganin da zai kwantar da yaran ne, duka biyun in da hali. Likita ta ƙi yanke hukunci a zama ɗaya. Ta duba idon yaran da kunnensu, ta tambayi barcinsu. Ta sa Gwaggo ta faɗi na gida, ta sa Malama ta faɗi na makaranta, kowa ita kaɗai, sannan ta ce a dawo mako mai zuwa. Malam Ɗayyabu ya fusata, ya ce wasa ake yi da hankalinsa. Ta ce ko zai rushe ofishin ba za ta ba yaro ƙwaya a kan kallo ɗaya ba.

Da suka dawo ta ce Nafi'u ba ya bukatar komai sai fili da aikin yi, ko ƙwaya ɗaya ba za ta rubuta masa ba. Shamwilu kuwa yana da larurar rashin natsuwa, wadda a asibiti suke kira ADHD. Ta ce ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba rashin tarbiyya ba ne, kuma alamarta ita ce tana bin yaro duk inda ya je, tun yana ƙarami, ko yana so ko ba ya so. Uban ya ce duk wannan turanci ne, ƙarfe zai gyara shi.

Ta dube shi ta ce, "Malam, kai direba ne. In birki ya ƙi kamawa a gangara, dukan motar kake yi ko ɗaure ta? Yaron nan yana taka birki tun safe har dare, ba ya kamawa. Ka sa masa ƙarfe shekara biyu, ranar da aka cire za ka karɓi abin da ka kai, da tabo a ƙafa, kuma ba zai ƙara kiranka Baba da zuciya ɗaya ba."

Ya tashi ya fita, ko takardar maganin bai karɓa ba.

Aka ga wata. Washegari da safe motar hayar nan ta tsaya a ƙofar gidan Gwaggo. Gwaggo tana tsaye a zaure ta toshe bakinta da mayafi, don ta yi rantsuwa. Shamwilu ya fito da ƙullin kayansa ba tare da an kira shi ba. Uban ya daɗe yana kallon tabon igiyar da ke idon sawun yaron. Sannan ya ce ya mayar da kayan ciki, asibiti za su je.

Kada ku zaci daga ran nan ya zama salihi. An sha wuya kafin a daidaita masa magani. An dawo da shi bencin gaba, ana ba shi aiki guntu-guntu, in jikinsa ya motsa a aike shi ya goge allo. Ya faɗi jarrabawa, ya sake, ya ci. A haka ya gama makaranta, ya kama sana'a, ya yi aure.

Matarsa ta haifi 'ya mace, kuma matan nan uku duk suna raye, duk sun zo suna. Shamwilu ya ce ɗaya daga cikinsu zai yi wa takwara, wadda ta raba shi da mari. Nafi'u ya ce Gwaggo ce, don ba don ta zauna a gaban taya ba da sauran biyun ba su sami yaron da za su duba ba. Malam Ɗayyabu ya ce Gwaggo da an biye mata da har yau ana cewa ƙiriniya ce. Shi a wurinsa Likita ce, don maganarta ce kaɗai ta juya shi. Uwarsu ta ce Likita aikinta ta yi, kuma da bakin wasu ta ga abin da ta gani. Shamwilu kansa zuciyarsa tana wurin Malama, wadda ta fara yarda cewa ba da gangan yake yi ba. Nafi'u ya tuna masa cewa maganar Malamar ce ta kusa sa a kai shi shi kaɗai.

Ga liman a zaune, ga rago a ɗaure, ga jaririya ɗaya tak. To, ku da kuka ji, wacce ce a cikin ukun nan ta fi cancanta a sa wa yarinyar sunanta?