Allurar Da Ta Sauko Da Inji Daga Kan Tsani

Akwai wani mai fenti da kowa ke kira Inji, saboda idan ya hau tsani da safe, yunwa ce kaɗai ke sauko da shi. Silin ne gwanintarsa. Hannu a sama, rola na gudu, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa.

Sai dai yadda hannunsa ke da kaifi, haka bakinsa. Ƙaninsa da suke aiki tare in ya ce ya gaji, sai Inji ya ce masa, "Kai dai riƙe min tsani, iyakar abin da ka iya ke nan."

A ɗakinsa kuwa akwai tabon ruwa a silin, daidai saman gado. Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji. Kullum amsar ɗaya ce: "Wannan ɗan tabon? Ranar da na samu sarari, kafin ki ɗora tukunya na gama."

Ana nan sai kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Ya share, ya ci gaba da aiki, har ta kai saka riga ma sai ya cije leɓe. Da ƙyar matarsa ta lallaɓa shi zuwa asibiti.

Likita ta duba, ta ce jijiyar kafaɗar ce ta kumbura saboda yawan ɗaga hannu. Ta zaunar da shi, ta goge wajen, ta lalubi ƙashi da yatsa, sannan ta shigar da allura ta bayan kafaɗar, a hankali.

Inji ya ɓata rai. "Likita, ta gaba nake jin ciwon fa."

"Na sani," in ji ta. "Wannan allurar sitiroyid ce, mai rage kumburi. A gefen jijiya ake zuba ta, ba a cikinta ba, don in ta shiga ciki cinye ta take yi. Kuma ba a yawaita ta. Ciwon zai lafa, amma ba warkewa ba ce. Ka huta, ka zo a koya maka motsa hannun."

Ya ce to, irin to ɗin da ba ta wuce leɓe.

Kafin mako ya zagayo ciwo ya ɗauke. Inji ya koma kan tsani yana wasa kansa. Ƙaninsa ya ce, "Yaya, ba an ce ka huta ba? Bar min saman nan, ka yi bango."

"In bar maka silin? Ka ɓata min suna?"

Da ciwon ya dawo, bai koma asibiti ba, don ya san faɗa zai sha. Ya nufi wani mai kemis a bayan layinsu, irin waɗanda ba sa cewa a'a. Ya tuɓe riga, ya dangwala yatsa a gaban kafaɗarsa.

"Nan za ka soka. Waccan likitar kuskure wajen ta yi, amma duk da haka na ji sauƙi. Ina ga an sa a daidai?"

Mai kemis ya ce, "Ai mai jiki shi ya san jikinsa, Oga." Ya danna allura inda yatsa ya nuna.

Haka suka riƙa yi. Ciwo ya motsa, a soka, a koma aiki. Matarsa ta roƙe shi har da hawaye, ya ce mata tunda ba ita ke hawa tsani ba, ta bar masu hawa su ji da abinsu.

Wata rana yana tsakiyar wani falo, hannu a sama, sai ya ji wani abu ya ce ɗas a kafaɗarsa, kamar an tsinka igiyar shanya. Rola ta faɗi, fenti ya fantsama a tayil. Ya yi ya yi hannun ya tashi, hannu ya ƙi.

A asibiti aka ɗauki hoton kafaɗar, likitar nan ce dai ta duba shi. Ta ajiye hoton, ta juyo wajensa.

"Jijiyar ta tsinke, kuma abin da ya rage ya ruɓe kamar tsohon tsumma. Za mu gwada aikin tiyata, amma ɗaga hannu sama da kai, ka cire rai."

An yi aikin. Hannu yana kai loma baki, yana ɗaukar kofi, iyakarsa ke nan. Mai kemis kuwa ko a jikinsa, cewa ya yi inda aka nuna masa ya soka.

Abin da ya fi ci wa Inji rai shi ne kwanciya. Da ya miƙe a gado, tabon nan ne a saman fuskarsa, ya ƙara faɗi.

Ranar wata Asabar ƙaninsa ya shigo da bokitin fenti da tsani, ya kafa tsanin ya hau. Inji na tsaye yana kallon yadda rola ke barin layi-layi. Gyaran ya zo masa har baki, ya haɗiye.

Tsanin ya ɗan girgiza. Ƙanin ya leƙo ƙasa, ba da izgili ba, da tausayi, wanda ya fi izgilin zafi.

"Yaya, ɗan riƙe min."

Inji ya matso, ya sa hannun hagu ya riƙe.

Darasi: Lafawar ciwo ba ita ce warkewa ba, kuma inda kake jin zafi ba lallai nan ne wajen allura ba. Kada girman kai ya sa ka zama likitan kanka, kada kuma ka raina wanda ke riƙe maka tsani. Ku tura wa duk wanda kuka san ya mayar da allurar kashe ciwo abincinsa, tun hannunsa na ɗaguwa.